Ranar da Inna Ta Tambayi Jirgin Kwal

Shekarun baya, kafin gwiwata ta fara yi mini gardama, mahaifiyata ta daina cin abinci.

Mun kai ta asibiti. Aka auna jini, aka auna zuciya, aka ce tsufa ne, a ba ta abin da ranta ke so. To ranta ba ya son komai. Lokacin muna zaune a unguwar Nuzla a Jidda, a saman wani tsohon gida, ni da matata da yara da Inna. Matata haifaffiyar Jidda ce, ta iya girkin nan, ta iya na gida. Ta tuƙa tuwo, ta dafa shinkafa da madara irin ta Larabawa, ta dama kunun gyaɗa. Inna ta kai cokali baki sau ɗaya ta ture kwanon.

"Ya khala, kuli, ki ci ko kaɗan ne," in ji matata, don da Larabci take kiran Inna.

"Na ƙoshi."

Kullum amsar ke nan. Muna kallo awarwaron hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Bari in koma baya kaɗan. An haife ni a barikin ma'aikatan kwal, can bayan garin Inugu, cikin tsaunuka. Mahaifina maigadi ne a wurin da ake loda kwal cikin tarago. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Da na yi ƙarfi na ɗauki shebur. Na yi lodi, na shiga rami. Rami ya taɓa rufta mana, aka ciro wasunmu, wasu suna can har yau. Daga baya aikin ya mutu a hankali, kamar fitila in mai ya ƙare. Baba ya rasu. Inna ta samu ta zo aikin hajji, ba ta koma ba. Na biyo ta da umra, ni ma ban koma ba. Na yi dako a unguwar Hindawiyya, na yi wankin mota a Bagdadiyya, na yi gudun masu kamen baƙi marasa takarda har takalmi ya tsinke. Sai da aka daɗe Allah ya haɗa ni da kafili mai mutunci, ubangidan da ya tsaya mini, na samu iƙama, wato takardar zama, ina jan motar kai kayan shagonsa.

Mutum ɗaya muka baro a can: yayata, 'yar farin Inna. Tana aure a barikin, mijinta mai gyaran injin janye ruwa daga rami ne. Da farko muna jin juna jifa-jifa. Sai mijin ya rasu, sai lambar ta daina shiga. Duk wanda zai tafi gida sai na tambaye shi, amma kowa Kano ya nufa, ko Sakkwato, ko Damagaram. Ba mai zuwa Inugu. Inna kuwa ba ta taɓa tambaya ba. Ko sunanta ban taɓa ji a bakinta ba. Yarana har suka yi wayo suna zaton ni kaɗai ta haifa. Ni kuma na ɗauka ta haƙura.

Wata rana bayan la'asar ina zaune a bakin gadonta ina yanke mata farce, sai ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Wai jirgin nan na kwal, yana tafiya har yanzu?"

Na ji daɗi. Ta yi kwanaki ba ta ce komai ba sai "na ƙoshi". Na ce zan bincika mata. Na bincika kuwa, da gaske. Na samu wani direba da ya taɓa aiki a kudu, na sa shi a gaba da tambaya. Washegari na dawo ina jin kaina kamar wanda ya ciwo jarrabawa.

"Inna, na samo miki labari. Jirgi ya mutu tuntuni. Dogon ma 'yan gwangwan sun cire sun sayar. Ciyawa ta cinye wurin. An ce ba kowa a can yanzu."

Ta dube ni. Ta juya fuskarta bango. Ranar ko ruwa ba ta sha ba.

Akwai wata dattijuwa a ƙasan gidanmu, ƙawar Inna, mai sayar da turaren wuta. Gwaggo muke ce mata. Da safe zan fita aiki ta tare ni a matakala.

"Kai, zo nan. Me ka faɗa wa uwarka jiya?"

Na faɗa mata.

"Jirgi," ta ce. "Jirgi ta haifa?"

Ta nuna ni da yatsa ta ci gaba.

"Zaman Jidda ya cinye maka kai. Ga furfura a gemu, ba hankali. Mace irin uwarka ce za ta buɗe baki ta ce ina 'yar farina? Ina kunyar ɗan fari? Ta rasa ta inda za ta ɓullo, ta tambaye ka jirgi, kai kuma ka kwaso ƙafa ka je ka ce mata ba kowa a can."

Na san al'adar. Na tashi ina ganin Inna ba ta kiran sunan Yaya, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in za ta aike ta sai ta ce "a ce wa waccan". Na sani sarai. Amma na zauna cikin mutanen da uwa ke rungume babban ɗanta a tsakiyar kasuwa tana ce masa ya habibi, har na manta akwai uwar da ba ta da wannan bakin. Na tsaya a matakalar nan da makullin mota a hannu kamar wanda aka mara.

Na je wurin kafilina na ce ina son hutu, uwata ba lafiya, maganin yana gida. Ya dube ni ya ce, "Yalla, je ka. Amma ka dawo, kar ka bar ni da 'yan Bangaladash ɗin nan, ba su san unguwanni ba."

Ranar tafiya na durƙusa gaban Inna na ce, "Zan je gida in duba jirgin nan da idona."

"Allah ya kiyaye hanya."

Sai ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta jawo wani mayafi sabo fil, har da ledarsa. Ban san ranar da ta saye shi ba.

"Ka ba duk wanda ka ga ya dace."

Na sauka Kano, na hau motar kudu. A Inugu na nufi unguwar Hausawa, na tambayi wani abokina da muka yi lodi tare muna samari. Aka nuna mini rumfarsa a layin mahauta. Ya zama ƙato, tumbi har gwiwa. Ya ɗago kai daga kan nama ya ƙura mini ido, sai ya yar da wuƙar.

"La ilaha illallahu! Ɗan takari! Ba su koro ka ba?"

"Da ƙafata na zo."

"Ƙarya kake, ga hatimin kora nan a goshinka."

Muka rungumi juna, ya shafa mini kitse a farar rigata. Wannan ne tabo na farko.

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya daina dariya. Ya ce ya daɗe bai kai barikin ba, amma masu kawo masa awaki sun taɓa ce masa akwai wata Bahaushiya da ta rage a can. Ko ita ce, ko ba ita ba ce, ko tana raye, bai sani ba. Na ce mu nemi mota. Ya ce wace mota? Zaizayar ƙasa ta cinye titin, wani kwazazzabo ne a wurin yanzu da zai haɗiye masallaci har hasumiya. Babur ma a damina ba ya kaiwa.

"To ta ina mutane ke bi?"

"Ta inda muka bi muna yara. Layin dogo. Ƙarfen ne kawai babu, hanyar tana nan. Tsakuwar da aka zuba mata ta hana ruwa ci."

Ya aro mana kekuna biyu a wurin masu kawo masa kaya, irin baƙaƙen nan masu kariya a baya da ake ɗaura akuya. Washegari da hantsi na fito cikin farar jallabiya mai guga, da takalmi fes, da turare. Na ce yayata ba za ta gan ni a wulaƙance ba bayan waɗannan shekaru. Abokina ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Alhaji, ɗaurin aure za mu?"

"Hau kekenka."

"A'a, in sani. In da walima in saka hula."

Rabona da keke tun ina saurayi. Na ɗora ƙafa, jallabiya ta shiga sarƙa, na tafi gefe na rungumi wata bishiyar ayaba. Mata masu tallan rogo suka tsaya suna tafi. Na tattare rigar na ƙulle ta a ƙugu kamar mai shiga rafi, muka kama hanya.

Da muka bar gidajen ƙarshe na gari sai na gane wurin. Ba da ido ba, don komai ya canja. Ƙafata ce ta gane. Hanyar jirgi ba ta hawa tudu kai tsaye, ba ta gangara kai tsaye. Lallaɓa tsauni take yi, ta zagaya shi a hankali. Inda dutse ya tare ta an fasa shi, inda kwari yake an cike shi. Ga tsaunuka hagu da dama, amma kai kana tafe kamar a tsakar ɗaki. Ɗan siririn sawu ne a tsakiya, inda ƙafa da taya suka goge, gefe da gefe ciyawa har kafaɗa. Ƙasar baƙa ce. Duk kwal ɗin da ya zubo daga tarago tun zamanin iyayenmu yana nan, ya niƙe ya zama hanya.

Na zaci zan tarar da kufai. Abin da aka faɗa mini ke nan, abin da na faɗa wa Inna ke nan. Sai ga gonakin rogo a inda muke tara kwal. Ga masara. Ga kwakwar manja ta yi tsawo a kan tulin ƙasar da aka fitar daga rami, wurin da a da ko ƙaya ba ta fitowa. Wani tsohon tarago yana kwance a gefe, an mayar da shi ɗakin kaji. Muna wuce mutane, masu itace a ka, masu jarkoki a keke, kowa ya matsa wa kowa, a gaisa. Abokina yana amsa musu da Ibo. Ni ma na buɗe baki zan gaisa, sai Larabci ya fito.

"Ka ji shi," in ji abokina. "Ya ce muku yana neman raƙumi."

Muka zo bakin ramin da ya rufta mana. Na sauka. Itatuwa sun rufe shi, jemagu na shiga suna fita, wani jan ruwa kamar tsatsa yana tsiyayowa daga ciki. Na tsaya na yi wa waɗanda ke ciki addu'a, Musulminsu da Kiristansu, don duhu ɗaya muka sha. Abokina bai yi wasa a nan ba. Ya cire hula ya riƙe, ya mayar, muka wuce.

Sai ruwa ya sauko. Na manta da ruwan kudu. A Jidda in an yi yayyafi yara fita suke yi suna murna. Wannan kuwa kamar an kifa randa. Muka laɓe ƙarƙashin wata rumfar kwano da ta rage a tsohuwar mahaɗar layi. Kafin ya ɗauke, tayar baya ta gama yi mini zane, baƙin layi tun daga ƙugu har ƙeya. Takalmi ɗaya ya tsinke. Turaren da na fesa kuwa warin akuyar kariya ya cinye shi tun da daɗewa.

Muna nan sai ga wasu matasa sun fito daga kwana a guje, maza da mata, kan kekuna masu sheƙi, da hulunan kwano da matsattsun kaya kala-kala. Suka ɗaga mana hannu suna dariya, laka har kunne.

"Su wa ke nan? Me ya koro su?"

"Ba komai. 'Yan gari ne, ma'aikata. Duk Asabar suke zuwa. Wai motsa jiki."

"Biyansu ake yi?"

"Su ke sayen keken da kansu."

Na bi su da kallo. Hanyar da muka bi da yunwa, da shebur a kafaɗa, ita suke bi don nishaɗi. Na zaci zan ji haushi. Ban ji ba. Na ce gara haka da a ce ba kowa.

Abin da ya kusa mayar da ni baya gada ce. Tsohuwar gadar jirgi a kan rafi, mai zurfi. An kwashe katakan, sai dogayen ƙarafa biyu da wasu falankai da mutanen ƙauye suka jera a tsakani, ga santsin ruwa. Abokina da tumbinsa ya saɓa keke a kafaɗa ya haye kamar yana shiga rumfarsa. Ni na taka falanki na farko na leƙa ƙasa, na ja da baya.

"Taho mana!"

"Ina zuwa."

"Kai da ƙasa ta binne ka ta tofar? Kai da ka tsere wa Larabawa?"

"Can ba na ganin ƙasa."

Wata tsohuwa ta iso bayana da ƙullin itace a ka. Ta jira, ta jira, ta ga ba ni da niyya. Ta ce wani abu da Ibo, ta sauke itacen, ta karɓi kekena ta haye da shi, ta dawo ta ɗauki itacenta ta sake hayewa. Ni na bi bayanta da rarrafe, hannu da gwiwa, mayafin Inna a ƙulle cikin rigata. Ban tambayi abokina me ta ce ba. Shi ma da ya ga fuskata bai fassara ba, sai da muka koma gari.

Bayan gadar da kaɗan barikin yake. Layukan ɗakunan suna nan, wasu rufin ya faɗa, wasu an yi musu sabon kwano. Hayaƙi na tashi. Abokina ya tambayi wani mai gyaran raga ko akwai Bahaushiya a nan. Mutumin ya ce, "Mama Awusa?" Ya nuna layin ƙarshe.

Tana zaune a kan turmi a bakin ƙofa tana ƙulla ƙullun gurjiya cikin ganyen ayaba, irin abincin da ake sayarwa a can. Ƙafarta ɗaya a miƙe, a kumbure. Ta tsufa. Fuskar Inna ce sak, har yadda take tsuke baki in tana aiki. Na yi sallama. Ta amsa, ta dubi wani baƙin mutum mai takalmi ɗaya, riga a ƙulle a ƙugu.

"Yaya," na ce.

Ganyen ya faɗi daga hannunta. Ba ta yi ihu ba, mu ba masu ihu ba ne. Ta kama hannuna ta juya shi, ta duba tabon da shebur ya yi mini, ta sake shi.

"Haka ake fitowa daga Makka? Ko a rami aka sake tono ka?"

Ta sa 'yarta ta kawo ruwa da abinci. Ta tambayi hanya, ta tambayi iyali, ta tambayi abokina matansa. Ba ta tambayi Inna ba. Sai da na wanke hannu ta ce, tana kallon ƙasa, "A ina aka sa ta? Makka ko Jidda?"

"Wa?"

"Inna."

"Inna tana Nuzla a kan gadonta. Ita ta aiko ni."

Ashe bayan rasuwar mijinta rufin ɗaki ya faɗo cikin ruwa, wayar da lambobin duk suka tafi. Ana nan wani mai sayen fata ya zo ya ce ya ji wata tsohuwa 'yar Inugu ta rasu a Jidda. Ta ɗauka Inna ce. Ni kuma ta ɗauka an kama ni, ko na ɓace. Ga ƙafa, ga hanya ta yanke. Ta zauna.

"Har sadaka na yi mata," ta ce. "Na yanka akuyata mai ciki. Duk barikin nan sun ci."

Abokina ya ce, "To ai sai su dawo da naman."

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu. Na ciro mayafin na ba ta. Na ce an ce in ba wanda ya dace. Ta buɗe ledar, ta sa fuskarta a ciki, ta daɗe ba ta ɗago ba.

A barikin ba sabis. Sai an koma kan tudun da ke bakin gada, inda aka cike kwari don jirgi. Muka ɗora Yaya a kariyar kekena, ina turawa, abokina na riƙe da ita ta baya yana ce mata ta fi akuya nauyi. Ta yafa sabon mayafin. A kan tudun na ɗaga waya sama har ta kama, na kira matata da bidiyo.

"Na same ta. Kai wa Inna."

Na ji matata na gudu tana "Ya khala! Ya khala!" Fuskar Inna ta fito, ƙarama a kan matashi. Na juya wayar wajen Yaya. Suka ga juna. Ban san ko daƙiƙa nawa ba ne. Sai Inna ta sa tafin hannu ta rufe gilashin.

"Kawar da abin nan. Ba ni mijinki."

Matata ta rikice. "Khala, bintik ce fa, 'yarki!"

"Na ce ba ni shi."

Na juyo da wayar wajena, na bar muryar a buɗe. Yaya tana gefena, kafaɗarta na taɓa tawa.

"Kai," in ji Inna. "Ka isa lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Me ya samu rigarka?"

"Hanya ce."

"Mutanen gidan fa?"

"Ga ta nan tana jin ki."

"Ban tambaye ka wannan ba." Sai ta ƙara da cewa, "Na ga kamar ta rame."

Yaya ta dube ni ta ce, "Ka ce mata ban rame ba, mayafin ne mai faɗi."

"Inna, ta ce ba ta rame ba."

"Na ji, ai ba kurma ba ce ni. Ka tambaye ta me ya samu ƙafar."

"Ka ce mata sanyi ne."

"Ka ce mata ta daina zama a kan turmi, tun tana yarinya nake hana ta."

Ban san ta yaya ta san da turmin ba. Haka muka yi ta yi. Kowace tana jin kowace, amma ni ake faɗa wa. Ka ce mata, ka tambaye ta. Jikoki nawa, wa ya yi aure, wa ya rasu, bishiyar mangwaron bayan ɗakinmu tana nan ko an sare. Hannuna ya gaji a sama, na canja, ya sake gajiya, abokina ya tallafe mini gwiwar hannu. Masu wucewa da itace suka tsaya suna kallonmu. Da Yaya ta ba da labarin sadakar, Inna ta ce, "Ka ce mata Allah ya karɓa, ta ajiye mini, zan buƙata." Yaya ta toshe baki da mayafi.

A ƙarshe Inna ta ce, "To ya isa, kar ku tsaya a hanya, na ga hadari a bayanku." Ta miƙa wa matata wayar. Matata ta ajiye ta a kan gado ba ta kashe ba, muna ganin silin, muna jin fanka. Sai muka ji muryar Inna, a hankali.

"Ke, kunun nan na ɗazu, da saura?"

Na zauna a kan baƙar ƙasar nan da sauran farin da ya rage a rigata.

Kafin in baro Inugu na saya wa Yaya waya, 'yarta ta rubuta lambobinmu a bango da gawayi, ta ce in rufi ya sake faɗowa bango zai tsaya. Na dawo Jidda na tarar Inna tana zaune tana yi wa matata faɗan gishiri. Da azumi ya zagayo muka kawo Yaya umra. Ranar da ta shigo ɗakin, Inna ta amsa gaisuwarta tana kallon taga. Da aka kawo abinci kwano ɗaya, ina kallo tana tura tsokar nama da yatsa zuwa gefen Yaya, ɗaya bayan ɗaya, wai ita haƙoranta ba sa iyawa.

Ba ni da wani dogon darasi. Abin da na sani shi ne, in tsoho ya tambaye ka abin da ba ruwansa da shi, kar ka yi saurin amsawa. Zauna tukuna. Kuma kar ka ce wa kowa ba kowa a wuri sai ka je da ƙafarka.

Yanzu ina da keke a nan. Ran Juma'a da sassafe nakan fita bakin teku in ɗan taka, gwiwa na ƙara ina ƙara. Yaya ta koma barikinta, ta ce Jidda ba ƙasa, duk siminti. Takan sa a turo ta kan tudun ta kira ni, ta ce mini matasan nan masu hulunan kwano sun gano ta, duk Asabar sai sun tsaya sun cinye abin da ta dafa.

Inna ta ƙara wasu shekaru masu kyau. A zuwan Yaya na biyu Allah ya karɓi abinsa. Har ta bar duniya ban ji ta kira sunan 'yar farinta ba, ko sau ɗaya. Amma da jikin ya yi nauyi, muna kewaye da ita, ni na matso zan tallafe ta. Ta ture hannuna, ta lalubi cinyar Yaya, ta ɗora kanta.